Ofishin kai saƙo na bakin mina: yadda muka kaya da su tsakanin Jizan da Farasan lokacin korona

Mutum uku kenan cikin watan nan suna tambayata wai wa nake ba saƙo in zan aika Farasan, toh bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Wani ɗan ofishi ne a nan Jizan ta ƙasar Saudiyya, ba nisa da mina, wato tashar jirgin ruwa. Ba zan kama sunansa ba, don cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba yabo ba ne, kuma har gobe muna gaisawa da mutanen. Wanda ya san unguwar ya san wurin, shago ne mai ƙofa ɗaya, sikeli a bakin ƙofa, kwalaye har rufi, ga wani AC da ƙara kawai ya iya babu sanyi. Aikinsu ɗaya ne, ki kawo kwali su auna, su sa a mota, motar ta hau abbara, wato babban jirgin ruwa mai ɗaukar mutane da motoci, ta haye tsibiri, a kai wa mai shi har ƙofar gida. Ni tun Maris ɗin 2020 nake hulɗa da su, kuma ba don ina so na fara ba, dole ce ta sa.

Don 'yan uwa na Makka da Jidda da waɗanda ke gida Najeriya da ba su san wajen ba: Farasan tsibirai ne a cikin Bahar Maliya, suna ƙarƙashin yankin Jizan, babu gada daga nan zuwa can, ko dai abbara ko ƙananan kwale-kwalen inji da ake ce wa faluka. Abbarar guda biyu ce, a Ostireliya aka ƙera su, kowacce tana ɗaukar mutum 650 har da motoci, kuma kyauta ce, sisin kwabo ba kya biya, igamarki, wato katin izinin zama, kawai za ki nuna a yanka miki tikiti. Ɗaya da safe ɗaya da yamma, awa ɗaya da 'yan mintuna kin isa. Saboda haka a da ko a mafarki ban taɓa tunanin biyan wani ya kai min kaya ba, me zai sa? Jaka zan ɗauka in haye, in ci kifi a gidan Yayata in dawo washegari.

Yayar tawa can take aure shekara da shekaru. Ta haihu ranar 17 ga Maris, ba na manta ranar saboda a daren ne aka sanar an dakatar da sallar jam'i a masallatai in ban da Harami biyu. Inna tuni ta riga ta haye tun mako guda kafin nan don zaman jego, ni kuma aka bar ni a nan da soye-soyen suna, dubulan, cincin, alkaki, da dambun nama kusan bokiti guda, a kan zan taho da su ana gobe suna. Sai ga sanarwa wai daga Asabar 21 ga Maris an tsayar da jiragen sama na cikin gida da bas da tasi da jirgin ƙasa. Abbara ba a tsayar da ita ba, amma an rage mutane zuwa 100, kuma sai mazauna tsibirin da masu aiki a can, babu mai zuwa yawon buɗe ido. Na ce ai ni ba yawo za ni ba, suna za ni. Wa zai saurare ni? Adireshina Jizan ne, shikenan magana ta ƙare. Bayan kwana biyu kuma aka sa hazar, wato dokar hana fita, daga 7 na yamma zuwa 6 na safe ba fita, wanda aka kama tarar riyal 10,000.

Gaskiya yanzu da na natsu ban ga laifin dokar ba. Tsibiri ba kamar gari ba ne, ƙofa ɗaya gare shi, in cuta ta shiga ta ƙofar nan toh duk wanda jikinsa ya yi tsanani sai an sake hayo da shi ruwa, kuma kowa ya ga yadda aka rufe garin Ƙaɗif na gabashin ƙasar tun 8 ga Maris har da tsibirinsu na Tarut bayan an fara samun masu cutar a can. Amma a ranar ba wannan lissafin nake ba, kuka kawai nake a gaban bokitin dambu.

Dambu ma wasa ne. Babbar matsalar ita ce Inna tana da ciwon suga, allurar insulin take yi safe da dare, kuma na 'yan kwanaki ta tafi da shi tunda ta san ina tafe. Mijin Yaya ya zaga saidaliyya biyu, wato shagunan magani, bai samu irin alƙalamin da ta saba da shi ba, ita kuwa Inna in ba irin nata ba ko za a mutu ba za ta yarda a caka mata ba. In ta hayo nan ba za ta iya komawa ba, kuma ta rantse ba ta barin mai jego da ɗanyen jiki. Gaba kura baya siyaki. Maƙwabciyata ce ta ce min in je ofishin nan, suna da direba mazaunin Farasan da ke shiga da fita da mota.

Toh a nan zan raba maganar gida biyu, don in ban raba ba zan zalunci wani. Akwai ofishi, akwai direba. Ba abu ɗaya ba ne.

Direban dattijo ne Bahaushen Sudan, mutanen wajen Gadarif, ya daɗe a tsibirin, Hausarsa rabi Larabci ce, mu dai Kawu muke ce masa. Ranar farko na zo da insulin ɗin a cikin leda da ƙanƙara, ina ta sauri, ya kalle ni ta saman kamamarsa, wato takunkumin fuska, ya ce, "A'a ɗiyata, haka za ki kashe maganin." Ya ce sanyi yake so amma in ya daskare ya lalace, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Ya shiga mota ya ɗauko wani fulas ɗinsa mai faɗin baki wanda yake zuba abinci, ya ɗauraye, ya sa ƙanƙara a ƙasa, ya ninke hankici ya shimfiɗa a kai, sannan ya naɗe alƙaluman a wani tsumma ya jera su ya rufe. Ya ce in kawo takardar likita da kwafin igamar Inna, don a mina ana binciken mota sosai, in aka ga allura babu takarda sai a tsayar da shi. Na ce Kawu ai motar za ta yi zafi a cikin jirgi, ya ce ba a mota zai bar shi ba, tunda ba a zama cikin mota in jirgi ya tashi, da shi zai hau sama a hannunsa. Wajen ƙarfe tara da rabi Yaya ta turo min hoton fulas ɗin a kan tabarmarsu, ƙanƙarar ko narkewa ba ta gama yi ba. Wallahi sai da na yi sujada. Haka ya riƙa yi mana duk bayan mako uku har wata huɗu, bai taɓa karɓar ko riyal ɗaya a kan kuɗin ofis ba, na sha miƙa masa yana cewa in saya wa jariri sabulu.

Kwalayen suna kuwa, waɗanda yaran ofis suka loda, Allah ya isa kawai zan ce. Kwali uku ne. A ɗaya na sa kwalbar humra babba da na haɗa wa Yaya da hannuna, na naɗe ta da zani biyu, na gaya wa yaron da ke kan sikeli da bakina cewa akwai kwalba a ciki, ya ce "tamam, tamam" yana danna waya. Ashe shi suka sa a ƙasa suka ɗora buhun shinkafar wani a kai. Kwalba ta fashe, humra ta bi ta jiƙa alkaki da dubulan da garin kunun kanwa na mai jego, Yaya ta ce da aka buɗe kwalin gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya, amma ko akuya ba za ta ci abin da ke ciki ba. Kwana uku na yi ina wannan suya a zafin Jizan, wanda ya san ruɗubar garin nan, wato zafi mai laima da gumi, ya san me nake nufi. Da na koma wurin mai ofishin sai ya buɗe littafi ya nuna min wai ba a rubuta "zujaj", wato gilashi, a jikin kwalin ba, don haka ba ruwansu. Na ce yaronka na gaya wa, ya ce magana ba rubutu ba ce. Ƙarshenta dai ya ce zai kai min kwali biyu kyauta nan gaba, kuma ya cika, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai kwali biyu ina, humrar wata uku a jiƙe ina. Sunan ma mutum biyar aka yi shi, liman ta waya ya yi addu'a, ni ta bidiyo na ga an yanka rago.

Kuɗi: da na fara riyal 20 ne matsakaicin kwali, kafin azumi ya koma 35 wai wurin mota a jirgi ya yi wuya, na yarda da wannan don kowa ya ga layin. Da aka ƙara harajin kaya daga kashi 5 zuwa 15 ranar 1 ga Yuli sai ya zama 40. Korona ta tafi, jirgi ya koma cika maƙil, farashi yana nan a 40 ko gezau. Rasit kuma sai kin roƙa.

Abin da zan yaba wa ofishin, kuma da gaske nake, sun san doka fiye da mu. Lokacin nan kullum da sabuwar sanarwa, yau a ce kaza gobe a canza, mu muna ta yawo da jita-jita a WhatsApp, wannan ta ce an rufe mina gaba ɗaya waccan ta ce an buɗe wa kowa. Mai ofishin yakan manna takarda a ƙofa da rubutun hannu, ranar da mota za ta fita da awannin karɓar kaya, kuma ban taɓa ganin ta saɓa ba. Da aka sassauta cikin azumi aka ce ana iya fita daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, nan take ya mayar da karɓar kaya 9 zuwa 1. Da aka ce za a yi kullen awa 24 daga 23 zuwa 27 ga Mayu saboda ƙaramar salla, tun saura kwana goma ya bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya yana cewa duk mai kayan salla ya kawo kafin 20 ga wata in ba haka ba sai bayan salla. Da ban ji wannan ba da Inna ta yi salla da tsohon zani, ga 'yan kantin jariri da na saya. Tasrihin direbobinsu ma, wato takardar izinin fita, kullum a shirye, daga baya da manhajar gwamnati ta Tawakkalna ta fito suka koma nunawa a waya, ba a taɓa juyo da motar da kayana ke ciki ba saboda takarda.

Wani abin dariya, a can gidan Yaya kwali ba ya shiga ɗaki ranar da ya iso. Kawu zai ajiye a ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ja da baya, mijin Yaya ya fito da safar hannu ya feshe shi da Dettol ciki da waje, a bar shi a tsakar gida ya sha rana har washegari, magani kaɗai ake ɗauka nan take. Ba wata hukuma da ta ce a killace kwali, su suka sa wa kansu, kuma ba su kaɗai ba, duk layinsu haka ake yi, mutanen tsibiri sun tsorata da duk abin da ya fito daga "barri", wato mu na tudu. Inna kuwa abin da ya dame ta goro. Na samo mata da ƙyar wurin wata Hajiya a Sabya, na naɗe a jiƙaƙƙen algarara na aika, aka feshe shi aka shanya a rana. Ta kira ni tana faɗa, "Ke 'yar nan, goro kika aiko min ko maganin wanke banɗaki?" Daga ranar sai Kawu ya riƙa sa goron a aljihun jallabiyarsa yana miƙa mata ta taga, surukin bai sani ba har yau, in ya karanta wannan ya yi haƙuri.

Kaya ba tafiya kaɗai suke ba, suna dawowa ma. Watan Afrilu ne lokacin harid, kifin nan mai launi da baki kamar na aku da ke taruwa a gaɓar Farasan sau ɗaya a shekara har ake yi masa biki, shekarar dai ba maganar taro, amma mijin Yaya ya samo ya aiko min a kula. Ya iso lafiya lau da sanyinsa. Na ƙara da wannan ne don a san ɗanyen kifi ma suna iya kawowa, in dai da jirgin safe ne kuma kina tsaye a ofis lokacin da mota ta iso, don in kika yi latti a bakin ƙofa za su ajiye miki shi cikin rana.

Yanzu ga abin da har yau yake ci min rai, wanda ya sa ba zan taɓa ba ofishin nan cikakken yabo ba. Cikin watan Yuni, lokacin da cutar ta fi yawa a ƙasar, na kai insulin ranar Lahadi na miƙa wa Kawu hannu da hannu kamar kullum, shi ma ya miƙa wa Inna ta taga. Ranar Laraba na kawo wani kwalin na tarar da wani saurayi a motar. Ina Kawu? Mai ofishin ya ce ya ɗan tafi hutu. Hutu a tsakiyar korona, ina za shi? Ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Juma'a da dare wayata ta yi ƙara, Kawu ne, muryarsa a dushe, ya ce, "Ɗiyata, ba su gaya miki ba?" Ashe wanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi ne gwaji ya nuna yana da ita tun ranar Litinin, aka ce Kawu ya killace kansa kwana 14, shi ma ga zazzaɓi ya fara. Ya ce tun ranar ya ba mai ofishin sunayen gidajen da ya shiga ya ce a sanar da su, musamman gidan da ke da tsohuwa mai suga da jariri, da ya ji shiru ne ya nemo lambata a tsohon rasit. Kwana huɗu cur mutumin nan ya san wannan ya yi gum don kada kwastomomi su gudu. Jikina har rawa yake. Na kira 937, layin ma'aikatar lafiya, a daren, suka yi min tambayoyi suka gaya min abin da za mu yi, Inna da Yaya suka rufe ƙofa, ni ma na zauna a gida, Allah ya taimaka babu wanda ya kamu a cikinmu, Kawu ma ya warware. Amma da fa an samu akasi? Kuma ba wai tsoron kuɗin asibiti ba ne, tun ƙarshen Maris Sarki Salman ya ba da umarni a yi wa kowa maganin korona kyauta har wanda igamarsa ta mutu, babu wani dalilin ɓoye-ɓoye in ba son kuɗi ba. Da na fita na je na same shi na faɗa masa abin da ke bakina a gaban yaransa, ya ce shi ba likita ba ne. Haƙuri ɗaya bai ba ni ba.

Makon biyun da Kawu ba ya nan kuwa na ga asalin ofishin. Kwalin da na ba saurayin ranar Larabar sai da ya yi kwana tara yana yawo, an kai shi wani gida a tsibirin Sajid, can tsallaken gadar da ta haɗa shi da babban tsibirin Farasan, saboda sunan mai gidan ya yi kama da na mijin Yaya kuma yaron bai ga dalilin kiran lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kwalin ba. Ki kira waya ba a ɗauka, ki tura saƙo ki ga an karanta a yi shiru. Mutanen gidan ne masu amana suka kira da kansu. Insulin na gaba ban yarda na ba su ba, wata malamar makaranta da ke aiki a can na roƙa ta tafi da shi.

An ɗage hazar ranar 21 ga Yuni, Inna ta dawo cikin Yuli, wadda ta tafi da niyyar arba'in ta yi wata huɗu, ta dawo ta yi baƙi ta yi ƙiba da kifi, jaririn da ban taɓa ɗauka ba har ya fara ƙoƙarin zama. Ni sai daga baya na samu na haye, da kamama da awon zafi a ƙofa da kujera ɗaya a bar ɗaya. Da aka shiga 2021 kuma sai Tawakkalna ta zama ita ce fasfo, in ba ta nuna kin yi rigakafi ba ko shiga baƙala, ɗan kantin unguwa, sai ki yi ta fama, har dai aka janye yawancin dokokin a Maris ɗin 2022.

Za ku ce toh me ya sa har yanzu nake kai musu kaya bayan duk wannan? Saboda ba kullum nake da yinin da zan ɓatar a mina ba, faluka kuma kuɗi ce kuma in iska ta tashi ba mai fita, sannan Kawu yana nan. Busasshen kaya, atamfa, garin tuwo, kuka, kuɓewa, takardu, duk suna isa. Abin fashewa kada ki kuskura, in ya zama dole ki rubuta da jan alƙalami a Larabce a kowane gefe ki ɗauki hoto a gabansu. Ki rubuta lambar mai karɓa babba, ki karɓi rasit ko suna ɓata rai, kada ki sa kuɗi a cikin kwali. In magani ne kuwa ko wani abin da ranki ke kai, ki je da sassafe kafin a fara lodi ki tambaya wa zai fita da mota yau, in suka ce ba dattijon nan ba ne, ki ɗauki kayanki ki koma gida ki dawo ranar da yake aiki. Litinin da Alhamis yake fita yanzu, ƙafa ta fara damunsa.